Gayyar da Aka Kira da Takarda

Saint-Gildas, 2 ga Satumba, 1850

Zuwa ga ƙanena Prosper,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata wannan takarda ta same ka lafiya a can Vermont, kai da Angèle da yara, kuma ciwon ƙafar da aka ce kana fama da shi ya yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Kafin komai, dubi rubutun nan da kyau. Hannun yayanka ne, Onésime, wanda ka bari bai san ko harafi ɗaya ba ranar da ka tsallaka iyaka bayan yaƙin 1838. Hunturu uku na yi ina zuwa karatun yamma bayan an tatsi shanu, ina zaune a bencin yara gwiwoyina na dukan tebur. Wasiƙarka ta ƙarshe ce ta sa ni. Na kai wa mai kanti ya karanta mini, kafin in iso gida duk gari ya san abin da ke cikin tukunyarka.

To, albishirinka! Na yi jika. 'Yata Émérence ta sauka ranar Alhamis da hantsi, an sami mace, jajir da ita, ga murya irin ta kakarta Josephte idan shanu sun shiga mata lambu. Washegari muka kai ta coci aka yi mata baftisma, sunanta Philomène. Ni ne uban baftismarta. Na sa mai ƙararrawa ya yi ta bugawa har limami ya aiko a ce ya isa haka. Da aka kawo littafin coci, limami har ya fara rubuta cewa uban baftisma bai iya sa hannu ba, kamar yadda ya saba. Na karɓi alƙalamin na rubuta sunana cikakke, dole ya soke layinsa. Prosper, ban san mai shekara sittin da ɗaya yana iya murna har ta hana shi cin abinci ba.

Amma a ɗakin girkinmu na baya aka haife ta, don iyayenta ba su da gida. Mijinta Théophile Lupien shi ne malamin makarantar layinmu, shi ya koya mini karatu. Makarantar tana kan iyakar gonata da ta Moïse Désilets, rabi ɗakin karatu, rabi wurin kwanan malami. Tun da gwamnati ta ce kowane gari ya riƙe makaranta da harajin mutanensa, garin nan ya rabu biyu. Masu ƙi ana kiransu masu kashe fitila. Ba zan ɓoye maka ba, shekara huɗu da suka wuce ina cikinsu.

Ranar Lahadi ta biyu a watan Yuli muna coci, aka shigo da gudu aka ce hayaƙi a makaranta. Kafin mu isa rufin ya rufta. Babu wanda ya ga mai sa wutar. Sai dai ka san kowa da bencinsa a coci, wanda ya gada daga ubansa, kuma kowa ya ga wuraren da masu su ba su zo ba. Mutum biyar ne, na farkonsu Moïse.

Moïse fa, maƙwabcinmu na farko! Ka san abin da wannan yake a wurinmu. Shi ke fara isowa gobara, shi ke sassaƙa akwatin gawa, matarsa ke karɓar haihuwa. Shi ya sassaƙa na Baba. Tun ranar ban yi masa magana ba, shi ma bai yi mini ba. Duk da haka da naƙuda ta tashi, sai ga matarsa Domitille ta tsallako shinge da tsummokaranta, ba wanda ya kira ta. Na tsaya a ƙofa na tare hanya. Ta ce, “Matsa mini, tsoho. Faɗanku na maza ne, wannan aikinmu ne.”

Yanzu dattawan hukumar makaranta sun ce idan ba a tsayar da wani gini ba kafin ɗaya ga Nuwamba, za su rufe makarantar layinmu su sallami Théophile. Shi kuwa ɗan'uwansa ya rubuto masa cewa akwai aiki a masaƙun Lowell. Idan aka sallame shi zai kwashe Émérence da jaririyar su tafi. Na ba ƙasar Amurka ƙane, ba zan ba ta jika ba. Ina da gumagumai da na sare bara don sabon rumbu. Rumbu ya jira. Zan kira gayya.

Josephte tana gaishe ku. A shafa mini kan yara.

Yayanka,
Onésime Courchesne


Saint-Gildas, 23 ga Satumba, 1850

Ƙanena Prosper,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ina sanar da kai amsarka ta iso, kuma ni na karanta ta da kaina, sau huɗu. Na gode da safar da Angèle ta saƙa wa Philomène. Ta yi mata yawa, amma yarinyar tana bin ta a guje, kullum sai ta ƙara nauyi.

Labari biyu gare ni, babu mai daɗi.

Majistare ya zo daga birni da sojoji goma sha biyu, ya zauna a gidan limami yana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kaina ya tambaye ni wa na ga ba ya coci ranar gobara. Na ce masa idona yana kan bagadi. Ya maimaita, na maimaita. Ni da na ga abin da baki ya jawo a 38, waɗanda aka rataye da waɗanda aka loda a jirgi zuwa bangon duniya, ba zan miƙa sunan mutumin layinmu ga soja mai jajayen kaya ba, ko da gidan 'yata ya ƙona. Théophile ya yi fushi ƙwarai. Ya ce, “Baba, littattafaina arba'in, da gadon da mahaifiyata ta bar mini, duk ka yafe su a madadina?” Kwana biyu bai ci abinci a teburina ba.

Na biyu shi ne gayya. Na je wurin mai shela na ce ya sanar da ita a ƙofar coci, ya ce shi yana da rumbu kuma ba ya son a ƙona masa. Sai na ce a raina, me ya yi saura, ba na iya rubutu ba? Na zauna na tsara takarda, Théophile ya gyara mini kalma uku. Ranar Lahadi bayan an fito, na hau dakalin shela na buɗe ta. Gaskiya ina jin kaina a ranar. Ban kai layi na biyu ba wani ya ɗaga murya daga baya, “Onésime, a juye ka riƙe ta!” Aka kwashe da dariya. Wani ya ce, “Ashe gwamna ya yi sabon akawu ba mu sani ba!” Na daure na karanta har ƙarshe, na faɗi rana, na sauko.

Josephte ta dafa miyar wake ta mutum arba'in, ta gasa burodi kwana biyu. Ranar gayya mutum uku suka zo: Théophile, wanda bai san bakin gatari da ƙotarsa ba, da Isidore mai ƙararrawa, da tsoho Firmin kurma, wanda ƙamshin miya ya kawo. Mun ɗaga gungume biyu muka ajiye. Mako guda muna shan miyar wake safe da yamma.

Da yamma ina zaune ina zagin mutanen gari, Josephte ta ajiye cokali ta dube ni. Ta ce, “Malam mai takarda, ka gama? Tun da aka kafa garin nan, ka taɓa jin an kira gayya da takarda? Takarda ce ta kawo haraji, ita ta kawo sojoji, ita ta kori ƙanenka. Gayya da ƙafa ake kiranta, hula a hannu, kuma daga ƙofar maƙwabcin farko ake farawa. Kai ka tsallake Moïse a gaban jama'a. Wa zai yarda ya riga shi zuwa?”

Na ce mata ni zan je ƙofar wanda ya ƙona gidan 'yata? Ta ce, “To zauna. Sai ka riƙa rubuta wa jikarka wasiƙa zuwa Lowell, tunda ka iya.”

Prosper, shekara talatin da takwas ina tare da matar nan, ban taɓa cin ta a magana ba. Laifina ne. Na san al'adar sarai, ni kaina na kira gayya sau uku a rayuwata, ƙofa ƙofa. Daɗin sabon alƙalami ne ya rufe mini ido. Saura mako biyar da 'yan kwanaki, kuma raɓa ta fara daskarewa da safe. Zan je. Ka sa ni a addu'a, don wuyana bai saba lanƙwasa ba.

Gaisuwa ga Angèle da yara.

Yayanka,
Onésime


Saint-Gildas, 3 ga Oktoba, 1850

Ƙanena abin ƙaunata,

Ina gaishe ka, ina gaida mutanen gida. Yaya sanyi a wajenku? Philomène ta fara bin fitila da ido, jiya kuma ta kama gemuna ta ƙi saki. Josephte ta ce iska ce ta cika mata ciki ta sa ta murmushi, ni na san ni take yi wa.

Na je. Na tarar da Moïse yana tonon dankali. Na cire hula na tsaya a bakin kunya. Ya bar ni tsaye har ya kai ƙarshen kunyar ya dawo, sannan ya dogara da fartanyarsa ya ce, “Ina takardar?”

Na ce, “Na bar ta gida. Ƙafata na kawo.”

Ya ce, “Ai na zaci ita ma ta shiga makaranta.”

Na haɗiye. Na faɗi abin da ake faɗi, cewa ina da aikin da ya fi ƙarfina, ina roƙon hannunsa da gatarinsa ranar Talata, sha biyar ga wata. Sai ya fara. Ya ce a 38 mai takarda ne ya zo da jerin sunaye aka ƙona masa rumbu cike da alkama. Yanzu wani mai takarda ya zo ya auna masa gona don a koya wa jikokinsa ƙin noma. Ya ce, “Nuna mini yaro ɗaya da ya iya karatu ya dawo ya riƙe garma.” Na ce ni na iya karatu kuma jiya na wuni bayan garma. Ya ce, “Kai ai karatu ya same ka ka riga ka bushe, ba inda za ka.”

Daga nan na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har kai. Ka tuna takardar da aka manna a ƙofar coci a wancan hunturun? Kwana uku muna wucewa ta gabanta kamar shanu, limami ya gudu birni, babu mai karanta mana. Sunanka na ciki, da nasa. Da akwai mutum ɗaya a layinmu da ya iya karatu, da ka fita da dokinka da kayanka maimakon ka bi daji da riga ɗaya, da shi ma ya kwashe alkamarsa. Na ce, “Moïse, takarda ba za ta daina zuwa ba don mun ƙona makaranta. Za ta zo, sai dai ta same mu makafi.”

Ya kaɗe ƙasa daga takalminsa. Can ya ce, “Na ji abin da ka gaya wa majistare. Godiya ka zo karɓa?”

Na ce, “Gatarinka na zo nema. Babu mai iya haɗa kusurwa a layin nan in ba kai ba.”

“Ba zan gina makaranta ba.”

“Yarinyar da matarka ta karɓa ba ta da rufi, sanyi kuma ya taho.”

“Rufinta da na makarantar ɗaya ne, kada ka mai da ni yaro.”

Na ce, “Ɗaya ne.” Ban ga amfanin yi masa ƙarya ba.

Ya koma kan dankalinsa, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Na sa hulata na juya. Na kusa shinge na ji muryarsa: “Gumaguman nan naka, wa ya fara sassaƙa su? Na hango su, sun karkace kamar ƙafar kare.” Ban waiwaya ba, don kada ya ga fuskata.

Daga ƙofarsa na bi sauran, gida ashirin da biyu cikin kwana uku, hula a hannu. Wasu sun ba ni kujera, wasu sun bar ni a waje da karnuka. Kowa tambayarsa ɗaya, ko Moïse zai zo. Amsata ita ce na je ƙofarsa. Iyakar abin da na sani ke nan.

Théophile ya ɗauko akwatinsa na tafiya ya ajiye bayan ƙofa, Émérence tana kewaye shi kamar ba ta gani ba. Josephte ta ce wannan karon ba za ta jiƙa wake ba sai ta ga mutane da idonta. Ko an zo ko ba a zo ba, ranar Talata zan kasance a wurin da gatarina.

Allah ya bar zumunci.

Naka,
Onésime


Saint-Gildas, 5 ga Nuwamba, 1850

Ƙanena Prosper,

Gaisuwa irin ta wanda ya daɗe bai rubuto ba. Ka yi haƙuri, hannuna ya kumbura da aiki har alƙalami ya gagare ni. Ina fata kuna lafiya kamar yadda muke.

Ranar Talata na isa wurin tun fitowar rana, ni da Théophile da Isidore. Hanya fayau, ko kare babu. Isidore ya cika lofensa sau biyu. Har na fara tunanin abin da zan gaya wa Émérence, sai ga Moïse ya fito. Ka san ta shinge ya fi masa kusa, taku hamsin ne. Bai bi ta nan ba. Ya hau babbar hanya da faffaɗan gatarinsa a kafaɗa, ya tafi har ƙarshen layi a hankali kamar mai rakiyar gawa, ya juyo. Kafin ya iso wurinmu ƙofofi na buɗewa a bayansa. Mutum goma sha bakwai suka zo. Gida biyar ba su zo ba, har yau kuma ba sa gaishe ni. Josephte da ta hango su sai ta ruga gidan Domitille aron wake jiƙaƙƙe.

Moïse bai gaishe ni ba. Ya ja layi a ƙasa da ƙotar gatari ya ce kowa ya ji, shi ɓangaren kwana yake ginawa, ɗakin karatu ba ruwansa. Muka ce mun ji. Kafin azahar ya hango Théophile yana yanka kusurwa a wancan ɓangaren. Ya kau da kai, ya sake dubawa, sai ya jefar da abin hannunsa ya tsallake layin nasa yana ihu: “Malam, wannan itace ne ko cuku kake yankawa? Ba ni nan, kafin ka kashe 'ya'yan mutane!” Daga nan bai ƙara komawa ba. Kwana huɗu aka yi ana ɗora bango, kwana uku rufi. Da aka kafa reshen itace a ƙololuwa aka harba bindiga bisa al'ada, na zauna a kan gungume na yi kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba.

Dusar ƙanƙara ta fara sauka ashirin da takwas ga wata, muna toshe ramukan bango. Dattawan hukuma sun zo ranar talatin da ɗaya. Babu gilashi a tagogi sai takarda mai maiƙo, bencin yara kuma katako ne a kan kututture. Suka duba, suka yi 'yan gunaguni, suka ce Théophile ya ci gaba da aikinsa.

Ranar Asabar aka tare. Ni na ɗauko gadon jaririya a kaina. An shigar da kaya, an jera itace a sabon murhun ƙarfe, ana neman ƙyastu, sai hirar da ake yi a waje ta ɗauke ɗif. Na leƙa. Moïse ne ya taho ta gonarsa da tukunyar ƙarfe cike da garwashi, hayaƙi na bin sa, Domitille na bayansa tana tura shi da magana. Ashe ita ta ce wutar farko daga murhunsu za ta fito, kuma shi zai kai. Prosper, ka ga Moïse da wuta a hannu ya nufo makaranta! Babu wanda ya motsa.

Théophile ya fito ya tsaya a tsakiyar ƙofa. Émérence na bayansa da yarinya a kafaɗa. Moïse ya tsaya taku uku daga gare shi, tukunya na ƙona masa hannu, bai ajiye ba. Ni na ba da gumagumai, na yi yawon ƙofofi, amma wannan ƙofar ba tawa ba ce, don haka na kama bakina.

Isidore ne ya cece mu. Ya cire lofe daga bakinsa ya ce, “Moïse, wannan karon a cikin murhu ake sa ta.”

Wani ya tuntsire, sauran suka bi. Moïse bai yi dariya ba. Ya dubi Théophile ya ce, “Na sani. Hannuna ne a kowace kusurwa ta gidan nan. Wanda ya taɓa shi, ni ya taɓa.” Théophile ya daɗe yana kallonsa, sannan ya matsa gefe. Moïse ya shiga ya durƙusa, ya juye garwashin, ya yi ta hurawa har ta kama.

Kada ka zaci an shirya. Ya ce haraji kam sai dai a zo a ɗauke shi da gadonsa, kuma jikokinsa ba su zo ba jiya da aka buɗe. Yara goma sha ɗaya suka zo. Théophile bai yafe littattafansa ba, ban kuma ce ya yafe ba. Akwai sauran aiki, ni kuwa ban gaji ba. Amma akwatin tafiya ya koma ma'ajiyar ƙarƙashin rufi, an cika shi da albasa.

Yanzu haka da nake rubutu ina hango hayaƙi ta tagata yana tashi daga bututun makaranta, miƙe sak. Philomène na ƙarƙashinsa tana barci, taku ɗari biyu daga ƙofata. Da na rufe wannan takarda can na nufa.

Josephte da Émérence suna gaishe ku da kyau. Allah ya sada mu da alheri.

Yayanka mai ƙaunarka,
Onésime Courchesne